Kafar Wuta: Ɗan Ramin Da Ke Tona Asirin Tsohuwar Bindiga

Gabatarwa

'Yan uwana ɗalibai, duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau ko Damagaram ya san ƙarar bindigogin 'yan bindigar sarki, ya kuma san farin hayaƙin nan da warin albarushi da kan turnuƙe wuri kafin sarki ya ɓullo. Da wannan ƙara muka girma, amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa ɗaukar irin wannan bindiga suka dube ta da idon basira. Ni kaina ban yi haka ba sai da karatu ya kawo ni Birmingham ta ƙasar Ingila, birnin da ya shafe fiye da shekara 300 yana ƙera bindigogi yana sayar wa duniya, har da ƙasashenmu.

Wata ranar Lahadi ce wani abokina ya ja ni zuwa kasuwar tsofaffin makamai. Ya ga wata bindigar farauta mai ƙanƙara ta shiga ransa, yana so ya saya ya rataye a ɗaki, kuma kuɗin da zai biya shi ne abin da ya tara na wata huɗu yana aikin dare. Mai sayarwa ya ce ƙirar wajen 1800 ce, kuma yadda maƙerinta ya bar ta haka take, ba wanda ya taɓa ta. Muna cikin ciniki sai wani dattijon Bature da ke tsaye kusa da mu ya nemi izinin dubawa. Bai kalli zanen da ke jikin ƙota ba, bai kalli ƙyallin tagulla ba. Tocila ya ciro da gilashin ƙara girma, ya duƙa a kan wani ɗan rami da ke gefen bututu wanda bai fi ƙwayar gero ba. Da ya ɗago sai ya ce da abokina a hankali: "Yaro, bindigar ta girmi kakana, amma wannan ramin ni na girme shi."

Wannan ɗan rami shi nake kira kafar wuta, kuma tarihinsa da yadda ake karanta shi ne maƙasudin wannan rubutu.

Yadda bindigar ƙanƙara ke aiki

Ƙanƙara a nan ita ce dutsen ƙyastu, wanda kakanninmu ke ƙyasta wuta da shi kafin zuwan ashana. A farkon ƙarni na 17, wajen 1610, aka haɗa kammalalliyar bindigar ƙanƙara a Faransa, kuma akasarin masana tarihi suna danganta ta ga Marin le Bourgeoys, mutumin garin Lisieux, wanda ya yi wa Sarki Louis na 13 aiki. Daga nan ta yi ta yaɗuwa har ta zama makamin sojojin Turai na kusan shekara 150.

Iri biyu ne manya. Akwai mai santsin ciki, irin wadda sojan Ingila ya riƙe tun daga 1722, wadda suke yi wa laƙabi da Brown Bess. Akwai kuma mai murɗaɗɗen ciki, wadda aka yi wa tsagi a cikin bututu domin harsashi ya fita yana juyi ya tafi kai tsaye. Irin wannan ce maharban Jamus suka shahara da ita, ita ce kuma maƙeran Pennsylvania ta Amurka suka tsawaita, sannan sojan Ingila ya ɗauki samfurin Ezekiel Baker a 1800. Bindigar da abokina ya so saye mai murɗaɗɗen ciki ce.

Ko wace iri ce, ɗurinta ɗaya ne. Maharbi zai zuba albarushi ta baki, ya sa harsashin dalma, ya danna da sandar ɗuri. Sannan ya buɗe wani ɗan kasko da ke manne a gefen bututu, ya barbaɗa albarushi kaɗan, ya rufe da marfin ƙarfe. Idan ya ja kunama, ƙarfen da ke riƙe da ƙanƙara zai sari marfin, marfin ya buɗe, tartsatsi ya zuba cikin kasko, albarushin kasko ya kama. Saura wutar ta isa ga babban albarushin da ke cikin bututu, kuma hanyarta guda ce tak, wato wannan ɗan rami. In kafar ta yi daidai, ƙyastawa da tashin bindiga kamar tare suke. In ta karkace ko ta toshe, kasko zai yi walƙiya a banza, barewa ta tsere, ko kuwa abokin gaba ya iso.

Inda ya kamata kafar ta zauna

Mai duba tsohuwar bindiga yana auna wurin kafar ta fuska uku.

Na farko shi ne gaba da baya. Idan ka buɗe marfi ka kalli kasko daga gefe, kafar ta kasance a tsakiyarsa. In ta matsa can gefe guda, ko dai maƙerin bai ƙware ba, ko kuma kaskon da bututun ba tare aka haife su ba, wani ne ya haɗa su daga baya.

Na biyu shi ne sama da ƙasa. Maƙeran Amurka na yanzu suna kiran wurin da ya fi dacewa da sunan faɗuwar rana. Ka ɗauki leɓen kasko a matsayin inda sama ta haɗu da ƙasa, kafar kuma rana ce da rabinta ya nutse. Hikimar ita ce idan an rufe marfi zai kare ramin, idan kuma wuta ta tashi za ta same shi a buɗe. Tsofaffin maharba sun daɗe suna cewa kafar da ta yi ƙasa sosai albarushi kan binne ta, sai wuta ta riƙa cin hanya a hankali kamar lagwani. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka da na'urorin auna lokaci a shekarun 2000 sun nuna cewa ɗan hawa ko ɗan sauka bai kawo bambanci mai yawa ba, tsabtar kafar da kusancin albarushi da ita sun fi muhimmanci. Saboda haka ɗan kauce wa faɗuwar rana ba aibi ne da zai sa a ƙi bindiga ba, amma kaucewa mai yawa tambaya ce da ke neman amsa.

Na uku, wanda ido ba ya gani, shi ne dangantakar kafar da matoshin gindi. Bututun bindiga a buɗe yake gaba da baya, sai a murɗa masa wani dunƙulen ƙarfe mai zare irin na noti ya toshe bayan. Kafar ta fito dab da gaban wannan matoshi. In an huda ta a kan matoshin kansa, dole a fafe shi don wuta ta wuce, kuma wannan fafiyar ita ce matattarar dauɗa da tsatsa. Hanyar aunawa mai sauƙi ce: ka zura sanda ta baki har ta tsaya, ka yi alama a daidai bakin, ka zaro ta ka shimfiɗa a jikin bututu daga waje. Ƙarshen sandar ya kai ga kafar ko ya ɗan wuce ta kaɗan.

A nan akwai gargaɗi. Idan sandar ta tsaya saura inci ɗaya ko biyu ta kai kafar, ka ɗauka bindigar a ɗure take. Mutanen da sukan ajiye bindiga da ɗurinta saboda ɓarawo ko kura, mai ita ya mutu, magada ba su sani ba. Albarushi kuwa in bai jiƙe ba yakan yi shekara ɗari da ƙarfinsa. Iyakar abin da zai iya ruɗa wannan awo shi ne irin gindin da Henry Nock na Landan ya yi wa rajista a 1787, wanda ke da ɗan ƙuntataccen ɗaki a ciki da sanda ba ta shiga. Ko da hakan ne, a bar wa gwani ya tantance.

Daɗin daɗawa, a duba ko kasko ya manne da bututu sosai. In akwai tsaga a tsakaninsu, albarushi kan zurara ya taru a cikin katako, ranar da wuta ta same shi sai ƙota ta tsage a gaban fuskar maharbi.

Girman kafa da shekarun bindiga

Duk harbi guda, wani kaso na wutar da ke tura harsashi yakan fito ta kafar da ƙarfi, yana zaizaye ƙarfen kaɗan-kaɗan. Ga shi kuma tokar albarushi tana jan laima, laima tana kawo tsatsa. Bututun wancan zamani da ƙarfe mai taushi ake yin sa, don haka kafar kan yi ta faɗi da yawan aiki.

A bindigar farauta mai murɗaɗɗen ciki, faɗin da aka fi so shi ne kashi ɗaya cikin 16 na inci, wato kimanin milimita 1.6. Idan ya haura milimita 2 da yawa, to ta sha aiki. Alamar ita ce in an danna ɗuri sai ka ga ƙwayoyin albarushi suna zubowa cikin kasko, ƙarfin harbi ya ragu, harsashi ya daina sauka wuri guda, sannan wanda ke tsaye a gefen maharbi ya sha feshin wuta. Sojoji kuwa wani lokaci da gangan suke son haka. A 1781 rundunar Prusiya, a zamanin Frederick Mai Girma, ta koma huda kafar da faɗi daga ciki kamar mazurari, domin albarushi ya zubo kasko da kansa soja ya huta da barbaɗawa. Sun samu sauri, amma sai da suka ƙara wa kasko ɗan garkuwar ƙarfe saboda kada soja ya ƙona fuskar na kusa da shi.

Abin lura shi ne tsufa ba ya zuwa wuri guda. Bindigar da ta yi harbi dubbai, za ka ga bakin kafar ya daina zama zagayayye, ƙarfen da ke kewaye da ita ya yi zanzana, cikin kasko ya cinye, fuskar marfi ta yi gurabun saran ƙanƙara, katakon da ke kusa ya yi baƙi. Waɗannan shaidu dole bakinsu ya zo ɗaya. In ɗaya ya saɓa, ruwa ba ya tsami banza.

Zinariya ga masu hali

Maƙeran Turai sun san wannan ciwo na zaizayewa, kuma sun nemo masa magani. A ƙarshen ƙarni na 18, manyan maƙeran Landan, irin su 'yan uwan nan biyu John Manton da Joseph Manton, sukan faɗaɗa ramin su dasa masa zoben zinariya, sannan su huda kafar a tsakiyar zoben, domin zinariya ba ta tsatsa. A farkon ƙarni na 19 aka koma amfani da filatinam, farin ƙarfen nan mai jure zafi. Talaka kuwa in kafarsa ta faɗaɗa, maƙeri kan dasa masa zoben baƙin ƙarfe.

Saboda haka ganin zobe a kewayen kafa ba laifi ba ne. Yana iya zama alamar bindigar attajiri, ko kuma tsohon gyara na gaskiya. Abin tambaya shi ne da wane ƙarfe aka yi zoben. Alal misali, ƙarfen nan marar tsatsa da ake yin cokula da shi sai a 1913 Harry Brearley ya samar da shi a Sheffield. Duk wanda ya nuna maka zobensa a jikin bindiga ya ce aikin 1800 ne, ya raina maka hankali.

Hular tagulla da masu mayar da hannun agogo baya

A 1807 wani limamin coci a Sukotilan, Alexander Forsyth, ya yi rajistar wata hanya ta tayar da bindiga da sinadarin da ke fashewa in an buge shi. Zuwa wajen 1820 an mayar da sinadarin cikin 'yar hular tagulla da ake kifawa a kan wani ɗan tsinin ƙarfe mai rami. Ba kasko, ba ƙanƙara, ba tsoron ruwan sama. A gwajin da sojan Ingila ya yi a Woolwich a 1834, cikin harbi 6,000 mai ƙanƙara ta ƙi tashi sau 922, mai hula kuwa sau 36 kacal. Daga nan kwanan ƙanƙara ya ƙare a Turai.

Sai dai mutane ba su zubar da tsofaffin bindigoginsu ba, juya su suka yi. Hanya mafi arha ita ce a yanke kasko, a cire marfi, a faɗaɗa kafar wuta a yi mata zare, a murɗa wani ɗan gangan ƙarfe mai ɗauke da tsinin hula. Dubban ɗaruruwan bindigogi aka yi wa haka a Turai da Amurka tsakanin shekarun 1830 da 1850.

Da ƙarni na 20 ya zo, masu tara kayan tarihi suka fara biyan kuɗi mai tsoka a kan bindigar da ke nan da ƙanƙararta ta asali. Nan take wasu suka ga kasuwa. Sai su sayi wadda aka juya da arha, su cire gangan, su toshe babban ramin da walda ko da dunƙulen ƙarfe, su huda sabuwar kafa, su samo kasko da marfi su ɗaura, su shafa sinadarin da zai sa wurin ya yi kamar ya tsufa. In an faɗa wa mai saye gaskiya, gyara ne. In an ɓoye, damfara ce.

Wannan shi ne abin da dattijon ya gani, kuma ya nuna mana ɗaya bayan ɗaya. Bututun ya yi zanzana mai zurfi a saman gindi, irin wadda sinadarin tsofaffin huluna ke haifarwa, amma bakin kafar sumul yake, zagayayye kamar jiya aka huda. A ƙarƙashin gilashi ana ganin wani siririn da'ira a kewaye da ita, inda sabon ƙarfe ya haɗu da tsoho. Kafar ta matsa gaban kasko. Fuskar marfi kuma ko ƙwarzane babu. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar na ga haka da idona.

Bai tsaya nan ba. Ya juya bindigar ya nuna mana hatimin da aka buga a gindin bututu, sanduna biyu na sarauta a gicciye da kambi a sama. Hatimin gidan gwajin bindigogi na Birmingham ne, wanda majalisar dokokin Ingila ta kafa a 1813, yana nan kuma yana aiki har yau. Ke nan ko maganar 1800 ɗin ma ba ta tsaya ba.

Bindigogin da aka kawo mana

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne haɗinmu da wannan? Haɗin yana da tsawo. Littafin Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi daga Nupe a zamanin Sarki Kumbari, ya kuma ce Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi masu yawa, har ana haɗa albarushi ana zuba igwa a birninsa. Sunan da Turawa ke kiran bindigar toka da shi a Najeriya da Gana, wato bindigar mutanen Denmark, ya samo asali ne daga fataken wannan ƙasa da suka riƙe ganuwar Christiansborg a Ankara har 1850.

Masanin tarihin nan ɗan Najeriya, Joseph Inikori, ya ƙiyasta cewa tsakanin 1750 da 1807 ana shigo da bindiga 283,000 zuwa 394,000 kowace shekara a Afirka ta Yamma, kuma babban abin da ake musanya su da shi bayi ne. Kaso mai yawa daga Birmingham ya fito. Ɗaya daga cikin manyan masu wannan sana'a, Samuel Galton ƙarami, sai da 'yan ɗariƙarsa ta Kweka, masu ƙin yaƙi, suka tuhume shi a 1795 kan ƙera makamai. A daidai lokacin da ake dasa wa bindigar attajirin Landan zinariya a kafa, waɗanda ake lodawa jirgi zuwa gaɓar tekunmu masu santsin ciki ne, masu arha, kuma da yawansu ba su ga gwajin kirki ba.

Har ila yau, yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, amma ta bar ƙofa a buɗe ga mai ƙanƙara marar murɗaɗɗen ciki da albarushi na gama-gari. Shi ya sa Birmingham da Liège ta Beljiyam suka ci gaba da ƙera mana bindigar ƙanƙara shekaru da yawa bayan Turai ta yi watsi da ita, masu fasa ƙanƙara na garin Brandon a Ingila kuma suka yi ta aiko da duwatsu har tsakiyar ƙarni na 20. Lokacin da sojojin Lugga suka iso Kano da Sakkwato a 1903 da bindiga mai ruwa da igwa, akasarin abin da ke hannun mayaƙanmu kibiya ce da mashi da takobi, sai harba-ka-ruga.

Wannan yana da amfani ga mai dubawa. Bindigar ƙanƙara da aka samu a gidan sarauta ko gidan mafarauta a ƙasarmu ba lallai ta kai shekara 200 ba. Tana iya zama ta 1780, tana iya zama ta 1920, tana iya kuma zama haɗin maƙerin gida, wanda ya ɗora tsohon bututun Turai a sabuwar ƙota. Hatimi da kafar wuta su ne za su raba gardama.

Kammalawa

Abokina bai sayi bindigar ba. Dattijon ya ce ba mummunar bindiga ba ce, ta yi rayuwa uku, ta ƙanƙara da ta hula da ta ƙanƙarar jabu, kuma da an faɗi haka an rage kuɗi da ta cancanci saye. A Birtaniya doka ta yarda mutum ya ajiye tsohuwar bindiga irin wannan don ado ba tare da lasisi ba, amma ranar da ya yi niyyar harba ta sai da takardar izini. Kowace ƙasa da dokarta, don haka kada wani ya sa irin wannan kaya a akwati ya nufi filin jirgi.

Kirana ga 'yan uwa shi ne, idan kun je hutu gida kuka tarar da tsohuwar bindiga a zaure ko a ɗakin kaka, kada a goge ta da sanfefa don ta yi ƙyalli, domin tsatsar nan da zanzanar nan su ne rubutun da ake karantawa. Kada a ja kunama, kada a leƙa bakinta, kada a bar yara su yi wasa da ita sai wanda ya san aikin ya tabbatar babu ɗuri. A ɗauki hoton kafar wuta da kasko da duk wani hatimi da ke jikin bututu. Sannan a zauna da dattawan gida a tambaye su wa ya kawo ta, daga ina, wane maƙeri ya taɓa gyara ta, a rubuta amsar da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, a ajiye tare da hotunan.